Tumatir mai tabo ba mai cuta ba ne

Rabin tumatirin da na dasa bara a gefen kogin Vina ba ƙwari suka cinye shi ba. Hannun mutum ne ya tumɓuke shi, da kyakkyawar niyya ma kuwa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsohon iri ne, Marmande, mai sunan wani gari a Faransa. Wani dattijo a unguwarmu nan Ngaundare ya daɗe yana shuka shi a bayan gida, yana cire iri duk shekara, shi ya ƙunso mini a takarda. Ba ya kama da Rio Grande da Roma da suka cika kasuwa, dogaye sumul masu jure tafiya. Wannan faffaɗa ne, mai tsaga-tsaga kamar gauta, ga nama, fatar kuma ba kauri. Tunda ba F1 ba ne, wato irin haɗi da kamfanoni ke yi, irin da ka cire zai maimaita uwarsa, ba sai ka koma shago kowace shekara ba.

Reno da dashe ba su ba ni wahala ba. Fure ya kama a ƙarshen Disamba, tsakiyar hunturu. Garinmu yana kan tudu, sama da mita 1,000, kuma a wannan lokacin dare kan sauka ƙasa da digiri 13, balle a kwari kusa da ruwa. 'Ya'yan fari suka fito a murɗe: wani gindinsa ya tattare da busasshen tabo ruwan ƙasa, wani da rami har ana hango ciki, wani kuma uku ne suka manne a jiki ɗaya.

A daidai nan ta'aziyya ta kai ni Garwa. Ƙanena da ke ban-ruwa ya tsinki mafi muni ya kai wa wani mai sayar da maganin feshi. Mutumin ko ganye bai tambaya ba, ya ce cuta ce mai yaɗuwa, a cire duk gindin da ya kamu, a fesa sauran. Ya sayar masa da kwalba. Da dare yaron ya kira ni yana murna: "Yaya, Allah ya taimake mu, na ceto maka rabi."

Ban ga laifinsa ba. Mai shagon nake jin haushi, domin wanda ke zaune cikin magungunan gona ya kamata ya san abin da dattijon nan ya gane da kallo ɗaya. Da na kai wa dattijon kuka, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, ganyen ya yi rawaya? Ya nannaɗe?" Na ce a'a Baba, kore shar. Ya ce to sanyi ne.

Ga yadda abin yake. In ka yanka Roma a tsakiya za ka ga ɗakunan iri biyu ko uku. Manyan tsofaffin irin nan ɗakunansu suna da yawa, tsagar da ake gani a waje ke nan. Siffar ɗan tana ƙulluwa tun fure yana ƙaramin toho, makonni kafin ya buɗe. Idan sanyin dare ya same shi a lokacin, ɗakunan ba sa haɗuwa daidai, gindin ɗan ba ya rufewa, sai ya warke da tabo. Furen farko a reshen farko kuma yakan zo a manne, biyu ko uku wuri ɗaya, shi ke ba da ƙaton ɗa mai ƙusoshi. Yawan yuriya da yawan sassabe rassa suna ƙara abin. Babu ƙwayar cuta a ciki, ba ya tsallakawa zuwa gindin kusa, kwalbar feshi kuma ba ta ɗumama dare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin da ya tsira. Da Fabrairu ya yi nisa, sanyi ya ja baya, rassan sama suka zubo 'ya'ya manya masu tsabta, tsagarsu a jere. Gindin da aka tumɓuke su ne suka riga fure, wato mafiya ƙarfi a lambun. Su aka zaɓa aka kashe.

Ba na cewa kada a taɓa cire gindi. Wanda ya tsumbure, ganyensa ya ƙanƙance ya nannaɗe sama da rawaya a gefe, wannan cutar da farin ƙuda ke kawowa ce, a cire shi a fitar daga lambu. Baƙin tabo mai lotsawa a gindin ɗa kuwa yawanci ban-ruwa ne mara tsari, yau a cika gobe a bar ƙasa ta bushe, sai sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ɗan. In sabon ganye ya murɗe ya zama siriri, a binciki famfon feshi, wataƙila an taɓa zuba maganin ciyawa irin 2,4-D a ciki, tumatir ba ya jure ko ragowarsa. A duk waɗannan, ganye da yanayin tabon ake dubawa, ba munin siffa ba.

Masu tabon ma ba asara ba ne. Dillalai sun ƙi su, kuma suna da hujja, fatar ba ta jure kwando da mota. Masu abinci ne suka saye, su yanke tabon su niƙa, wasu har suna dawowa neman "mai nama ɗin nan". Ragowar muka yi kauɗa.

Bana na tsinke furannin da suka manne tun suna toho, na rage yuriya na ƙara takin shanu. Iri kuma daga reshe na biyu da na uku na cire, na bar shi a ruwansa ya yi tsami kwana biyu zuwa uku, na wanke na shanya a inuwa. Ƙanena ya san ba a cire ko gindi ɗaya sai ya turo mini hoton ganye ta WhatsApp. Lokacin reno ne har yanzu muke ja-in-ja da dattijon. Shi yana so a riga hunturu, ni kuma ina tsoron ruwan Oktoba ya ruɓar da renon, don haka na raba irin gida biyu, rabi da wuri, rabi a jinkirta yadda fure zai faɗa Fabrairu.