Godiya ga waɗanda suka tsaya wa yaranmu a kwanakin amai da gudawa

Alhamdu lillahi. Jiya da yamma aka sallamo mana yaro na ƙarshe daga asibiti, kuma yau kwana 5 ke nan babu wanda ya sake amai ko gudawa a gidan marayun nan. Cutar ta ɓarke ne a tsakanin yaranmu; masu bibiyarmu kun bi abin tun farkonsa, ba sai mun maimaita ba. Gajiya ma ba za ta bar mu ba. Sai dai akwai mutanen da suka roƙe mu kada mu ambace su, su yi haƙuri, yau ba za mu ji maganarsu ba.

Ta farko Inna mai raino a ɗakin jarirai. Wanda bai taɓa riƙon jaririn da aka tsinta ba bai san wahalar jinyarsa ba: babu katin rigakafi, babu ranar haihuwa, babu uwar da za ta ba shi nono, alhali nonon ne babbar garkuwar jariri daga gudawa. Sikeli kaɗai ake dogaro da shi wajen auna magani. A daren da jikin ƙaramar cikinsu ya rikice, maɗigarta ta faɗa, idanunta suka zurma, in an ja fatar cikinta sai ta daɗe ba ta koma ba. Mota kuma ba ta zo ba. Inna ta ɗora ta a cinya tana ba ta ruwan gishiri da sukari, cokalin shayi ɗaya bayan kowane minti 1 ko 2. In ta amayar, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali fiye da da. A nan ne mutane kan yi kuskure, tsoro ya sa su ɗura wa yaro da kofi, cikin ya ƙi karɓa, komai ya dawo. Inna ta ƙi miƙa ta ga kowa. Gab da asuba, kafin a kai ta a yi mata ƙarin ruwa, aka taɓa famfas ɗinta aka ji ya jiƙe da fitsari, alamar ruwa ya fara zama a jiki. Sai a lokacin Inna ta yi kuka. Inna, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki, Ya ba ki masu yi miki abin da kika yi wa 'yar da ba ke kika haifa ba.

Sai ma'aikaciyar jinyar da ke tasowa daga aikinta ta wuto nan ba tare da an biya ta ba. Ita ta gano inda cutar ke bi: hannun da ke canza famfas shi ne ke haɗa madara, ga fida da ake wankewa sama-sama. Ta raba aikin biyu, ta kwashe fida duka ta koma da mu kofi, don kofi ba shi da lungun da datti zai ɓuya. Madara a haɗa ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce ta kafin a bayar, wadda ta kai awa 2 a ajiye a zubar. Ƙullin ruwan gishiri da sukari mai lita 1 a zuba shi a cikakkiyar lita, ba a rage ruwan don a ƙara masa ƙarfi, gishirin da ya yi yawa illa yake yi wa yaro. Wanda ya kai awa 24 shi ma a zubar. Ƙwayar zinki kuwa kwana 10 zuwa 14 ake sha ko da gudawar ta tsaya, miligiram 20 a rana, ɗan ƙasa da wata 6 rabin haka. Ta jera mana bokiti uku na ruwan kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kowanne da alamar ƙarfinsa: kashi 0.05 cikin 100 na wanke hannu, 0.2 na daɓe da gadaje, 2 na bayan gida da amai. Ta kuma ja kunnenmu kan masu tamowa, cewa fatarsu da idanunsu na iya ruɗin mai dubawa, su asibiti kai tsaye. Malama, Allah Ya ƙara miki ilimi mai amfani, Ya tsare miki zuri'a.

Baba mai gadi ya sha baƙin jini wajen mayar da baƙi daga ƙofa. Masu wanki hannayensu sun tsattsage. Manyan yaranmu sun jure rabuwa da ƙannensu da aka keɓe, suna leƙen su ta taga. Ga waɗanda suka aiko da sabulu da famfas suka ɓoye sunansu, Wanda kuka yi domin Shi Ya san ku. Allah Ya sa a mizani, Ya yaye muku damuwarku, Ya ba ku maƙwabtakar Manzon Allah (SAW) da aka yi wa mai riƙon maraya bushara da ita.

Da yawa daga yaran nan suna da kawu ko gwaggo a raye, lambobinsu na cikin fayil. Mun kira. Wata kaka ta zo da sandarta ta yini a gindin taga tana yi wa jikanta magana. Sauran wataƙila uzuri ne ya riƙe su, Allah Ya sa haka ne. Yaran dai sun tambaya.

Za a buɗe ziyara mako mai zuwa in sha Allahu, ban da ɗakin jarirai. Akwai ruwa da sabulu a bakin ƙofa, kuma Baba ba zai bar kowa ya wuce bai wanke hannu ba.