Ranar da Na Tura Mota a Toronto

Da daren Lahadi maƙwabciyata, wata 'yar Somaliya da ta daɗe a Kanada, ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce, "Gobe ki yi sammako, dusar ƙanƙara na tafe." Na yi mata godiya, a raina kuwa ina cewa ai ni ma na san abin. Watana huɗu a Toronto a lokacin. Na ga ta zuba a Disamba, har na ɗauki hoto na tura gida, ƙannena suka yi ta tsokanata wai na zama baturiya. Ashe ɗanɗano aka ba ni.

Litinin, 17 ga Janairun 2022, na fito daga gidanmu da ke unguwar Scarborough ƙarfe biyar da rabi, ko asuba ba ta yi ba. Na nemi matakalar ƙofar gida na rasa. Titi da gefen titi da motocin da aka ajiye duk sun zama abu guda, fari fat. Wanda ya raɗa wa abin nan suna dusa ya iya kallo, don kamar ana sheƙar dusar masara daga sama take, sai dai wannan iska ce ke watsa maka ita a ido. Taku na farko ƙafata ta nutse har ƙwauri.

Aikina ba irin wanda ake yi a kwamfuta daga ɗaki ba ne. A gidan kula da tsofaffi nake, ina yi musu wanka, in canza musu kaya, in ba su abinci. Lokacin korona ta sake tasowa, abokan aiki da dama suna kwance a gida, kuma mai aikin dare ba ta da ikon tafiya sai ta safe ta zo ta karɓe ta. Ƙarfe bakwai ya kamata in karɓa.

Kambas ne a ƙafata. Takalman hunturun da na gani a kanti, da na juya kuɗinsu zuwa naira sai na mayar da su inda na ɗauko. Ga abaya har ƙasa, ga takunkumi da ke sa tabarau ya yi hazo duk numfashin da na yi. Kafin in kai tashar bas bakin abayar ya jiƙe ya daskare, yana bugun idon sawuna kamar kwali.

Waya ta ce bas na zuwa nan da minti huɗu. Bayan minti ashirin ma huɗun dai take faɗa. Daga nan ta mutu, alhali da cajinta. Ban san sanyi na kashe batir ba sai ranar. Mu shida ne a tashar, kowa ya ba iska baya, ba mai ce wa wani uffan. Wannan shirun shi ya fi damuna a garin nan tun zuwana. A Kano ka hau a-daidaita-sahu daga Kabuga, kafin ka kai Ƙofar Mata ka san ciwon ƙafar matar da ke kusa da kai da sunan mai ba ta magani. A nan sai ka shekara kana haɗuwa da mutum a mota ɗaya, iyakarku ɗaga gira.

Wajen shida da rabi bas ta iso, irin doguwar nan mai gaɓa a tsakiya. Na manna katina na biyan kuɗin mota, PRESTO, na samu wuri kusa da hita. Mun yi tafiya kaɗan, direba ya tsaya ɗaukar mutane a wata 'yar hawa, shi ke nan. Taya na juyawa, mota ba ta motsi, sai ƙaurin roba. Ya gwada gaba, ya gwada baya. Can ya juyo ya ce wanda zai jira ya jira, ba zai kashe hita ba, amma shi ma bai san yaushe za a zo a ja mu ba.

Wani dattijo ɗan Indiya mai rawani ya miƙe ya ce mu gwada turawa. Mutane suka bi shi, ni ma na tsinci kaina a waje. A gida da yaron mota ya ce, "Hajiya, koma ciki, ba aikinki ba ne." A nan wani saurayi matsawa kawai ya yi ya ba ni wurin dafawa. Muka yi ta ɗaya, biyu, uku, kowa da harshensa, taya na feso mana dusa a fuska. Motar ta matsa kamar taku biyar, muka yi shewa, ta sake kafewa. Dariya ta kama ni har na durƙusa. Na sayar da filin gadona na ƙetare teku, ga ni ina turin mota kamar a hanyar Gwarzo da damina.

Muka yanke shawarar takawa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Kennedy. Wata tsohuwa 'yar Jamaika ta dubi ƙafata ta girgiza kai. "'Yata, da wannan kika fito?" Ta zaro ledar burodi biyu daga jakarta, ta sa na cire kambas a bakin ƙofar motar, na zura ledar a kan safa, na mayar da takalmin. Muka jera a kan sawun tayar wata babbar mota, kowa na taka inda na gabansa ya taka. A hanya na ga bas uku a kafe, fitilunsu na walƙiya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki, amma rarrafe yake yi, musamman tsakanin tashoshin Warden da Victoria Park inda layin ke fitowa fili. A cikinsa na lura gari ya waye, sallar asuba ta kuɓuce min.

Goma ta wuce na shiga wurin aiki. Mai aikin dare, wata 'yar Filifin da ke tsaye tun sha ɗayan dare, ta riga ta ba rabin tsofaffina karin kumallo. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in zauna in cire takalmi. Yatsuna sun yi fari, ba na jin su. Na nufi famfon ruwan zafi ta riƙe hannuna, ta ce ɗumi-ɗumi kawai, zafi ƙona ni zai yi ban sani ba. Da jini ya fara dawowa sai da na ciji gefen hijabina. Ita kuma ba ta da hanyar komawa gida, a kan kujera ta kwanta.

Tsohuwar da na fara yi wa wanka ta ce in daina mamaki, a Janairun 1999 magajin gari Mel Lastman sojoji ya kira su kwashe dusa, har yau sauran Kanada na yi wa Toronto dariya. A talabijin ɗin falo kuwa ana nuna Doug Ford, firimiyan Ontario, da 'yar ƙaramar shebur yana tono motocin mutane. Na ce ashe halin ɗan siyasa ɗaya ne ko'ina. Daga nan na ji an rufe manyan hanyoyin Gardiner da Don Valley, yara da aka shirya za su koma aji ranar ba su koma ba, bas sama da 500 sun maƙale. Daga baya hukumar birni ta ce santimita 55 ta zuba.

Ƙarfe biyu na rana, takwas na dare a Kano, na kira Umma. Na ce mata ƙanƙara ta kai min gwiwa. Ta yi salati, ta tambaya ko ta fasa min kai, ko ta huda kwanon ɗaki, don ita ƙanƙarar da ta sani ke nan. Na ce a'a Umma, wannan laushi gare ta. Ta ce, "To in laushi gare ta, me ya hana ki zuwa aiki a kan lokaci?"

Albashi na shiga na koma kantin nan na ɗauko takalman, ban taɓa kalkuleta ba. Ledar burodin kuma na wanke na shanya, tana cikin jakar aikina tare da safa biyu.