Abin da igiyar kare ta yi wa hannun Baba maigadi

Shekara uku ke nan da na sayo kare saboda gadi, bayan ɓarayi sun haura katangar maƙwabcinmu har sau biyu a damina guda. Irin nan ne da ake kira Alsatian, kuma ɗan kwikwiyon da na shigo da shi a cikin kwali yau ya haura kilo 30. Tun daga ranar farko abin da nake tsoro shi ne cizo, don haka ban taɓa wasa da allurar rigakafinsa ta shekara-shekara ba, na sa an ƙera masa keji, na kuma sayi takunkumi saboda ranar da za a yi baƙi. Igiyar da ake jansa da ita kuwa, ko sau ɗaya ban taɓa kawo ta a raina a matsayin abin da zai raunata mutum ba.

Baba maigadi, dattijon da ya haura shekara sittin, shi ne yake zagayawa da shi bayan sallar asuba kafin layi ya cika da 'yan makaranta. Al'adarsa ita ce ya nannaɗe igiyar sau biyu ko uku a yatsunsa, domin a ganinsa hakan ne zai hana karen kuɓucewa. Wata safiya da sanyin hunturu, kyanwa ta fito daga ƙarƙashin wata mota ta gifta a guje, karen ya zabura da dukan ƙarfinsa, igiyar ta tsuke yatsun, ta fizgi dattijon ya kifa a bakin kwalbati. Da na fito na same shi zaune a ƙasa ya tallabe hannun dama da na hagu, hularsa can gefe, yatsan da ke kusa da ƙaramin ya karkace ya kalli waje.

Na ce, "Sannu Baba, cizonka ya yi?"

Ya ce, "A'a Alhaji, bai taɓa ni ba, igiya ce."

Shi dai so ya yi a kai shi wajen mai ɗori, ni kuma na dage sai an ɗauki hoton ƙashi tukuna. Hoton ya nuna karaya a yatsa da tsagewar ƙashi a wuyan hannu, inda ya dafa ƙasa lokacin faɗuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda likitan ya bar maganar hannun ya koma tambayar ko kansa ya bugu, ko ya yi amai, ko yana jin jiri, domin a cewarsa tsoho yana iya buga kai ya tashi garau, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa a hankali. Allah Ya kiyaye, bai bugu ba. Amma ya yi mako shida da filasta, kuma har yau wannan yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai. Ina lura da shi duk lokacin da yake jan carbi.

Daga baya na gane cewa abin da ya same shi sanannen rauni ne a ƙasashen da yawo da kare ya zama ruwan dare. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun wallafa wani nazari a 2023, inda suka ƙiyasta cewa tsakanin 2001 da 2020 manya fiye da 422,000 ne aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da suka samu suna riƙe da igiyar kare, kuma adadin na kowace shekara ya ninka fiye da sau huɗu a wannan tsakani. Raunukan da suka fi yawa su ne karayar yatsa, buguwar ƙwaƙwalwa, da targaɗen kafaɗa. Kashi uku cikin huɗu na waɗanda abin ya shafa mata ne, su kuma waɗanda suka kai shekara 65 sun fi fuskantar buguwar kai da karayar kwatangwalo, wadda kan kwantar da tsoho kwanciyar da ba lalle ne ya sake miƙewa daga ita ba.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa jan rago mai gardama. Doguwar igiya tana ba dabbar filin ɗaukar gudu kafin ta kai ƙarshe, sannan duk ƙarfin gudun ya sauka lokaci guda a kan abin da ke riƙe da ita. Idan igiyar a tafin hannu take, mutum zai iya saki. Idan kuwa a nannaɗe take, yatsa ne zai biya.

Laifin a nan nawa ne, kuma ina ganin ba ni kaɗai nake aikata shi ba. Mukan sayi kare mai ƙarfi saboda tsaron dukiyarmu, sannan mu damƙa shi ga wanda ya fi kowa rauni a gidan, ko dattijon maigadi ko yaron aike, ba tare da mun horar da karen ba, ba tare da mun nuna wa mai riƙon yadda ake riƙo ba. Karen da ya wuni a keji cikin zafin rana kuwa, da zarar ya ga ƙofa a buɗe ba ya jin kira.

Wannan bai rage haɗarin cizo da komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana, da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar domin allura, ko da karen gidansu ne.

Yanzu ni nake fita da karen da kaina, da gajeriyar igiya mai faɗi wadda nake riƙewa a tafin hannu, da takalmi mai rufi maimakon silifa, waya kuma tana aljihu har mu dawo. Baba yakan buɗe mana ƙofa ya koma kan bencinsa.