Wasiƙa daga Manchesta: kafin a sayar da gona a ce nufin Allah ne

'Yan'uwana cikin Almasihu, gaisuwa da sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gaida iyayenmu na Zumuntar Mata, da dattawan ikilisiya, da ku matasa musamman, don saboda ku na zauna rubutun nan.

Kusan duk saƙon da ke shigo min WhatsApp daga gida magana ɗaya ce, yaya a taya ni da addu'a Allah ya buɗe min hanyar Ingila, sai a liƙa Irmiya 29:11 a ƙasa, ayar da Allah ya yi alkawarin shirin alheri ga mutanensa. Ina yin addu'ar, Allah ya sani. Amma ku daure ku karanta surar tun daga farko mana. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwasa bauta zuwa Babila suna ta ɗokin komawa gida, shi kuwa ya ce musu ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure, ku nemi lafiyar garin da kuke ciki, don sai an yi shekara 70. Alkawarin alherin nan an yi shi ne ga mutanen da aka ce su zauna su yi aiki a inda suke. Ban ce kar kowa ya fito ba fa, ni ma ai fitowa na yi, abin da ke damuna shi ne mu yanke shawara mu gama sannan mu kawo wa Allah ya buga hatimi.

Ga abin da ake ciki a nan. Tun Maris 2024 mai bizar aikin kula da tsofaffi ba ya iya kawo mata ko miji da yara, a Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbin ma'aikatan daga waje gaba ɗaya. Duk ejan ɗin da ya ce maka yau kawo miliyoyi ya samo maka wannan aikin, ƙarya yake, ko da ya buɗe maganar da addu'a. Akwai wata 'yar'uwa da muke sujada tare, gonar gado aka sayar aka turo ta, ta iso kamfanin ba shi da aikin ba ta, daga baya aka ƙwace lasisinsa na ɗauko ma'aikata daga waje, sai ga takarda wai kwana 60 gare ta ta samu wani ko ta bar ƙasar. Ranar Lahadi tana zaune a bencin baya da rigar sanyi biyu, wayarta a cinya tana duba ko an kira ta shifti, in mamanta ta kira daga ƙauye ta ce komai lafiya mama. Ta yi azumi sosai kafin ta taso, kar wani ya ce rashin addu'a ne. Ba wanda dai ya zauna ya bincika takardun.

Shi ya sa nake son Nehemiya. Da ya ji garun Urushalima a rushe yake ya yi kuka ya yi azumi, kusan wata huɗu yana addu'a, daga watan Kisle har watan Nisan. Amma ranar da sarki Artashate ya ce me kake so, mutumin nan ya san tsawon lokacin da zai yi, ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin hanya, har da wasiƙa ga Asaf mai kula da kurmin sarki don a ba shi katako, kun ga ke nan yana durƙushe yana lissafi. Da ya isa ma sai da ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya yi wa kowa magana, kwana 52 aka gama aikin. Yesu da kansa ya ce a Luka 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin kuɗin.

To ƙanena, ƙanwata, kafin ka taɓa gona ko kuɗin adashen mama, ɗauki biro ka rubuta me zai kai ka, nawa ne kuɗin, wa zai riƙe iyali, in abin bai yiwu ba ina aka nufa. Kai wa fasto da dattijo ɗaya wanda ba ya jin nauyin ce maka a'a, ku yi addu'a a kan takardar, kuma ka yarda tun daga zuciya cewa amsar tana iya zama zauna a Jos ko Zariya ko Maraɗi ka riƙe sana'arka. In takardar aiki ce aka ba ka, turo wa wani namu a nan ya duba sunan kamfanin a jerin kamfanoni masu lasisin ɗauko ma'aikata daga waje da gwamnatin nan ke wallafawa a intanet, ba ko sisi ake biya ba.

Ku sa 'yar'uwar nan a addu'ar safe don Allah, har yanzu tana neman wanda zai ɗauke ta aiki.

Naku cikin Ubangiji,
ɗan'uwanku a Manchesta