Tambayar Baba mai goro

Yau da safe a teburin mai shayi a Agege, rediyo na maganar Srebrenica, wani gari a ƙasar Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza da samari sama da 8,000 a Yulin 1995. Da aka ce har yanzu duk 11 ga Yuli ana jana'izar wasu, wani ma 'yan ƙasusuwansa kawai aka gano, sai Baba mai goro ya ajiye kofinsa ya ce mini, "Ɗana, uwarsa fa? Duk shekarun nan jira take?" Kowa ya yi tsit.

Sai 2017 kotun Hague ta ɗaure Ratko Mladic, kwamandan sojojin Sabiyawan Bosniya da suka yi kisan, rai da rai. Shekara 22 fa! Har na hau danfo ina tunanin iyayen da suka rasu ba su san kabarin 'ya'yansu ba.