'Yar ƙanwata mai zanen iska

'Yar ƙanwata tana aji uku a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma tun da hunturu ya kama ba ta zana komai sai shanya: zannuwan Inna a kan igiya, labulen zaure, da ledojin da suka maƙale a ƙayar bagaruwa bayan gida. Wai aikinta na wannan zangon iska ce. Na ce, "Ke, ana ganin iska ne?" Ta ce, "Kawu, shi ya sa nake bin abin da ta taɓa."

Ni dai hasken ne ya fi ɗaukar hankalina. Idan hazo ya sauka a Zariya, rana takan zama fari fat, mutum ya dube ta ido ko gezau, inuwa kuma ta rasa baki. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Yarinyar ta ce fentin kanti ya cika ƙyalli, ba ya nuna wannan dishi-dishin. Sai ta daka jar ƙasa, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwan ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, ta shafe takardar da shi kafin ta ɗora gawayi. Dole ta yi sauri, don a sanyin nan kafin ka juya burushi takarda ta bushe.

Inna na ta mita wai an kai yarinya jami'a ta ɓige da zanen tsummokara. Ba ta san a garin nan ne, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane tun suna ɗaliban kwaleji ba, suka ce a haɗa dabarar da Turawa ke koyarwa da abin da aka gada a gida. Lokacin ma jami'ar ba ta samu ba, sai a 1962.

A ganina zanen ledojin ya fi na shanyar. Zani kowa ya san yadda yake kaɗawa, amma baƙar leda da ta kumbura a ƙaya, gefe ɗaya ya yage, ita ke nuna maka daga ina iskar take da kuma ƙarfinta. Na roƙi guda ɗaya in rataye a shago, ta ce sai malaminsu ya ba da maki tukuna, alhali kuɗin takardar ma ni na biya.