Ɗaukar kifin morai a kyamara a ƙasan teku

Masu ninƙaya da tulun iska don nishaɗi ba sa wuce mita 40 a ƙa'ida, shi kuwa morai (dogon kifin teku mai kama da maciji) na ruwa mai zurfi yana iya zama a ramukan duwatsu mita ɗari ko fiye. Don haka ni kyamara nake saukarwa da igiya. Ina ɗaure ta a kan firam na ƙarfe mai nauyi, da fitila, da sanda mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi a gabanta, a bakin sandar kuma ƙoto: kilo ɗaya na kifin sadin da aka farfasa don mansa ya fita. Awa ɗaya nake barin ta a ƙasa kafin in jawo.

Abin da aikin ya fara koya mini shi ne, hanci ke fito da wannan kifi daga rami. Ganinsa ba shi da ƙarfi, amma yana da ƙofofin hanci huɗu, na gaba biyu sun turo kamar ƙananan bututu. Shi ya sa nake duba inda igiyar ruwa ta nufa, in ajiye firam ta yadda ƙarni zai bi ruwa ya shiga cikin duwatsu. In ka ajiye shi ta ɗaya ɓangaren, ƙarnin zai tafi fili, ka dawo da hoton yashi na awa guda.

Yawanci kai kawai za ka gani. Zai leƙo, yana buɗe baki yana rufewa ba ƙaƙƙautawa, haƙora a waje sun lanƙwasa baya. Sabon shiga yakan rubuta cewa kifin ya fusata, alhali numfashi yake yi: ƙofar fitar ruwa ɗan rami ce a gefen wuya, dole ya riƙa tura ruwa da baki. Jikinsa dogo ne irin na maciji, ba ɓawo, fata mai kauri ce lulluɓe da yauƙi. Ba shi da fukafukan ƙirji ko na ciki, sai guda mai tsawo da ya bi gadon baya ya zagaye wutsiya. Da wannan nake bambanta shi da kifin konga, wani dogon kifi mai kama da shi, wanda ke da fukafukan ƙirji.

Kada ka yarda da launi in ba fitila. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, tun a mita goman farko, sai kifi mai ɗige-ɗige ya fito maka baƙi wuluk. Dangin morai sun kai kusan iri 200, kuma zanen kai, siffar hanci da inda fiffiken baya ya fara su ne ke raba su.

Jakar raga ba ta aiki wajen riƙe ƙoto. Morai yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, wanda masana kimiyya Rita Mehta da Peter Wainwright suka bayyana aikinsa a 2007: na waje ya riƙe, na ciki ya zaburo gaba ya ja abinci ciki. In abin ya ƙi yagewa, sai ya ƙulla jikinsa, ya zare kansa ta cikin ƙullin da ƙarfi, ko ya yi ta juyi. Cikin ɗan lokaci jaka ta yage, ƙoto ya tafi rami. Bututun roba mai kauri da aka huhhuda, mai murfi a bakin biyu, shi ke jurewa.

Sauran matsalar igiya ce. In ta yi sako-sako da yawa takan naɗe dutse, in ta yi gajarta kuma igiyar ruwa ta ja firam ya kife. Nakan ba ta kusan zurfin wurin sau ɗaya da rabi, in ɗaure firam ɗin da siririn zare a gefe guda wanda zai tsinke in ya maƙale, ya fito ta ɗaya gefen. Da magariba ko da dare nake saukarwa in hali ya yi, don a lokacin ne morai ke barin rami gaba ɗaya neman kifi da ƙaguwa, a ga tsawonsa sosai.